Na Ce Babu Jini, Yanzu Dattijo Ake Zargi

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a daure a karanta har ƙarshe. Mai yiwuwa wasu abubuwan sun gauraye mini, domin ranar ba a hayyacina nake ba, amma zan faɗi iya abin da na riƙe.

Ni matar aure ce a Tudun Wadar Zariya. Na gama jami'a, ɓangaren kimiyya ma kuwa, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Wata Asabar da safe, bayan yara sun tafi Islamiyya, muna tare da maigidana irin ta miji da mata, sai muka ji ƙas, kamar an karya kara. Ya ƙwalla salati. Nan take gabansa ya kwanta, ya kumbura, ya yi baƙi, ya karkace gefe guda. Jini na ɗiga daga bakin wurin, da idona na gani, da hannuna na goge. Fitsari ya matse shi, ya tsuguna, ko ɗigo ya ƙi fita. Ya damƙi hannuna ya ce, "Maman yara, na haɗa ki da Allah kada kowa ya ji. Ki ce babur ne ya kayar da ni."

Ba mai kai mu asibiti sai yayansa, wanda muke gida ɗaya. Kun san tsakanin mace da yayan mijinta. Ni ko sunansa ba na faɗa, ko ruwa ba na sha a gabansa. Ya kai mu wani ƙaramin asibiti wajen Gyallesu, na wani dattijo Kirista, tsohon ma'aikacin jinya, zan kira shi Baba Iliya. Shi yake duba yaranmu tun suna goye. Da ya ga kumburin ya ce wannan sai babban asibiti, amma zai tura masa siririyar roba ta hanyar fitsari ya sauke fitsarin tukuna, don mararsa ta yi tauri. Sai ya juyo gare ni, Yaya na tsaye a bayansa.

"'Yata, kin ga jini ya fito ta nan? Ko ɗigo ne ki gaya mini."

Na tsura wa takalmin Yaya ido. In na ce na gani, ai tambaya ta gaba ita ce yaya aka yi na gani, muna me? Na ce, "Babu, Baba." Ya sake tambaya, ina jin har sau biyu, ban tabbata ba. Na ce babu. Aka fitar da ni waje. Ihun da maigidana ya yi a ɗakin nan har yau yana kunnena. Robar ba ta wuce ba, jini ne ya ɓalle.

A babban asibiti likita ya fitar da kowa ya bar ni. Ya ce, "Hajiya, babur ba ya yin wannan. Kin ji wata ƙara lokacin da abin ya faru?" A nan na faɗi komai ina kuka. Ya ce babu ƙashi a wurin, wata fata ce mai ƙarfi a ciki ta yage, hanyar fitsari ma ta yage tare da ita. Jinin da na goge shi ne alamar, kuma in an gan shi ba a tura roba sai an yi hoto. Aka zuba wani ruwa ta hanyar aka ɗauki hoton, ya nuna yana yoyo. A ranar aka shiga da shi tiyata, aka ɗinke fatar, aka haɗa hanyar da ta rabu biyu. Na tambayi likitan ko robar Baba Iliya ce ta ƙarasa tsinka ta. Ya ce ba zai rantse ba, amma zai iya yiwuwa. Yanzu an cire robobin da aka sa masa bayan tiyatar, sai dai fitsarin siriri yake fita, kuma an ce wataƙila a sake aiki.

To, Yaya shi ya danne ƙaninsa lokacin da ake tura robar, don haka a wurinsa Baba Iliya ne ya nakasa shi. Ya faɗa a majalisa, ya faɗa a ƙofar masallaci, ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce sai an rufe asibitin. Mutane sun daina zuwa. Wasu ma sun fara sako addini a maganar, wannan ne ke hana ni barci. Na ce wa maigidana mu faɗi gaskiya ko ga Yaya kaɗai. Ya ce, "Yaya ya ji ai unguwa ta ji. Kina so a riƙa nuna ni da baki? In kika tona ni, ki san inda za ki koma." Ban ga laifinsa sosai ba, mutum ne da ke shiga bayi yana fitowa da hawaye.

Kwanaki Baba Iliya ya zo dubiya, Yaya ya hana shi shiga. Na same shi a zaure, ya rame. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "'Yata, na tambaye ki maganar jini kuwa? Tsufa ya kama ni, ina ta tunani ko mantawa na yi." Wallahi na bar shi ya tafi a haka.

Ba na cewa ba shi da nasa kuskuren, ni ba likita ba ce. Amma ya tambaya, ni na yi masa ƙarya. In akwai wanda yake wurin ranar, ya tuna abin ba haka ba, ya turo gyara ta hannun Anti. Mai unguwa ya sa zama Asabar mai zuwa, kuma Yaya ya ce ni ce shaidarsa. In na yi magana na tozarta mijina, aurena ma ban san makomarsa ba. In na sake cewa babu, an gama da dattijon nan. Me zan yi?