Iskar da Ta Kawo Kakanninki

Ya Khaulah, sanyin idona, kanumfarin shayina, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa,

Mako uku ke nan ba ki ɗaga wayata ba. Wallahi ko abinci ya daina yi mini daɗi, in na yi tapau, na ƙunso abinci daga shagon mamak na unguwar Wangsa Maju, sai ya huce a leda ina kallonsa. Da Hausar Abbanki na rubuto, don na san a hankali kike karanta ta, kin ga sai ki daɗe tare da ni. Kada dai ki kai masa ya fassara miki!

Kin tuna ranar da Mamanki ta buɗe mana tsohon akwatin gidansu na Melaka, a falonku na Cheras? Ga farantin tangaran na kakanta Basine, ga yadin alharinin wani kakan nata Ba'indiye, ga carbin Balaraben Yaman da ya zo sayen masoro. Ta ce iskar teku wata shida take kaɗawa kafin ta juya, fatake su zauna jiranta, su koyi Malayanci, su ga 'yan matan gari, shi ke nan gida ya ɓace musu. Ke kina dariya, ni ina kallon duk tekun nan a fuskarki. Sannan ta rufe akwatin, ta ce a zuriyarsu maza ne ke zuwa, ba a taɓa ɗauke musu mace ba. Ko Abbanki da ya zo daga Kano, zama ya yi.

Ni kuwa, sarkin wauta, na buɗe baki na ce da na gama digiri Kano zan kai ki. Kaico! Ina hankalina ya tafi? Yaya zan tuge bishiyar kwakwa daga bakin teku in ce ta yi mini 'ya'ya a Kurna?

To ki ji. Jiya na rubuta wa jami'ar da ke jirana a gida na ce su bai wa wani gurbin aikina. Na kira Hajiyata, ta yi kuka, na yi, daga baya ta sa albarka. Abin da ya rage amsarki, ya hasken raina, kuma shirunki ya fi komai ba ni tsoro.

Ba ni da tangaran, ba ni da alharini. Hula ce ɗaya, Hajiya ta ɗinka mini da hannunta. Ki tambayar mini Mama ko akwai sauran wuri a akwatin.

Naki, ko iska ta juya ko ba ta juya ba,
Halliru