Farar Hular da Na Ƙi Karɓa

Al Gharrafa, Doha
Juma'a, 11 ga Maris, 2022

Zuwa ga Sakinatu, Maman Muhsina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Hajiya. Ya ƙafar Hajiya, kumburin ya sauka? Ya makaranta da ɗalibanki masu kunnen ƙashi? Ni ma nan lafiya lau, Alhamdulillahi.

Kada ki yi dariya don kin ga wasiƙa da biro an ɗauko ta a hoto. A waya da na buɗe baki sai Umar Faruq ya ƙwace, mu ƙare da labarin ƙwallo. Wannan maganar kuwa ke kaɗai nake so ki ji.

Kin tuna Jesse, nas ɗin nan mutumin Kafanchan da ya yi jinyata bara, kwana goma sha tara a ɗakin masu korona. Shi ya ja ni cikin ƙungiyarsu ta tirayatalon, wai huhuna zai buɗe. Abu uku ake haɗawa a jere: iyo mita ɗari bakwai da hamsin a teku, keke kilomita ashirin, sai gudu kilomita biyar. Keke da gudu ban da matsala da su. Iyon ma na koya a kwamin wanka na unguwarmu, har ina jin kaina wani abu, ni ɗan Gumel da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba sai da furfura ta fara fito mini.

Yau bayan asuba muka shiga teku karo na farko, a wata gaɓa kusa da Lusail. Sakinatu, ban yi mita talatin ba ƙasa ta ɓace. A kwami ina ganin layin da aka zana a ƙasa, a nan kuwa sai wani kore mai duhu. Gishiri ya shiga hancina, ƙirjina ya kulle. Ina jan iska tana tsayawa a maƙogwaro, daidai yadda take yi mini a gadon asibiti kafin a ƙara oksijin. Hannuwana suka manta duk abin da suka koya. Akwai wata robar iska da kowa ke ɗaurawa a ƙugu lokacin atisaye, ita na rungume, na yi kamar gilashin idona nake gyarawa.

Dokar ƙungiya ita ce bibbiyu ake shiga, kuma a kowace alama da aka kafa a kan ruwa abokinka ya tsaya ya tambaye ka. Jesse ya juyo ya tambaye ni ya ruwan. Ni da bakina na ce lafiya lau.

Za ki ce me ya hana ni faɗa masa. A mota muna dawowa yake ba ni labarin cewa a layin gadajen da nake, mu shida ne, mu biyu muka fita da ƙafarmu. Ya ce duk ranar da aikin ya ishe shi, ni yake tunawa. Ya riga ya rubuta sunayenmu a gasar ƙungiya ta watan Nuwamba, yana gaya wa abokan aikinsa cewa majinyacinsa da ba ya iya zuwa banɗaki sai an riƙe shi zai gama tirayatalon. Yana faɗa yana dukan sitiyari don murna. Ki gaya mini ta ina zan fara. Ba na so in zama wani abin da ya sake lalace masa a hannu.

Akwai sauran wata takwas, in sha Allahu zan saba. Ki gaida Hajiya, amma kada ki ambaci teku a gabanta.

Naki,
Mijinyawa


Al Gharrafa, Doha
Juma'a, 30 ga Satumba, 2022

Sakinatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ya damina, ya zazzaɓin Muhsina? Allah Ya ƙara sauƙi. Na ga hoton gyaɗar da kika shuka a bayan gida, ban san na auri manomiya ba. Muna nan lafiya.

Ban saba ba. Gara in fara da wannan kafin in cika takarda da surutu.

Babu abin da ban gwada ba. Kocinmu Kevin ya ce wa sababbi su riƙa fitar da iska a cikin ruwa a hankali, na yi. Ya ce a ƙirga hannu, ɗaya zuwa goma a sake, na yi. Ya ce wanda ya ji ba daidai ba ya juya rigingine ya kalli sama, na yi, sai na ga faɗin saman ma tsoro yake ba ni. Ina karanta Hasbunallahu tun daga bakin gaɓa. Wata rana sai in yi mita ɗari uku lafiya ƙalau, in ce shi ke nan na warke. Mako na zagayowa wata 'yar igiyar ruwa ta mare ni a fuska, komai ya dawo sabo. Tsoron ba ya sallama, ba ya ba da dalili. Da zafin nan ruwan kamar shayin da ya huce, duk da haka haƙorana kaɗawa suke yi.

Na je likita ya duba huhun, ya ce garau yake. Wallahi haushi na ji. Da ciwo ne da na san abin da zan ce wa mutane.

Na karanta saƙonki sau uku. Kin ce in gaya wa Jesse, nas ne, ya ga abin da ya fi wannan. Gaskiyarki, kuma na yi niyya har sau biyu. Amma ke ma kin san yadda aka rene mu. Baba yana kwance ba ya iya ɗaga kofi, duk wanda ya shigo ya ce ya jiki, sai ya ce da sauƙi, har ranar da ya cika. Ke kanki da kika sha wuya a haihuwar Umar Faruq, me kika ce mini a waya? Da Bature ne ya tambaye ni da Turanci, wataƙila in iya cewa akwai matsala. Jesse kuwa da Hausa yake tambayata, amsar kan fita kafin in yi tunani.

Shi kuma kwanan nan ba ya taka ƙasa don murna. An zaɓe shi cikin ma'aikatan lafiya da za su yi aiki a babban filin wasa na Lusail lokacin Kofin Duniya. Ya nuna mini katinsa kamar yaro da sabon takalmin salla. Ya ce bayan shekara biyu yana rufe fuskokin mutane da zane, yanzu zai tsaya a inda mutum dubu tamanin ke ihu da cikakken huhu. Duk garin ya rikice da tutoci da gyaran hanya, mintina arba'in yanzu zuwa ofis.

Yau Kevin ya karanta mana dokokin gasa. Ba a shiga da robar ƙugu. Amma akwai farar hula ga duk wanda ya san ruwa na firgita shi, masu ƙananan kwalekwale za su riƙa bin masu farar hula kusa da kusa. Sauran kowa shuɗiya. Ya ce ba abin kunya ba ne, mai so ya ɗaga hannu. Mutum huɗu suka ɗaga, har da wani ƙato ɗan Lebanon da ya ninka ni biyu. Jesse ya dube ni yana murmushi, ya ce mini, Injiniya, ai mu mun wuce nan. Hannuna yana kan cinyata, ina jin nauyinsa, ban ɗaga ba.

Ki sa ni a addu'a. Ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Mijinyawa


Al Gharrafa, Doha
Asabar, 5 ga Nuwamba, 2022

Maman Muhsina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na ga kiranki har bakwai jiya, ki yi haƙuri, ban iya ɗagawa ba. Ina raye, babu abin da ya same ni. Jesse ne ke asibiti, kuma ni na kai shi.

Jiya da safe, ranar gasar, wajen rabon huluna matar da ke teburin ta sake tambaya ko akwai mai son fara. Na karɓi shuɗiya. Jesse ya fi ni sauri nesa ba kusa ba, amma ya ce yau tare za mu yi, kafaɗa da kafaɗa. Aka busa usur, mutum sama da ɗari muka faɗa ruwa lokaci ɗaya. Ban taɓa iyo cikin taro haka ba. Hannu ta nan, ƙafa ta can, wani ya haure ni a fuska gilashina ya cika da ruwa. Da ƙyar na kai alamar farko, ƙirjin ya riga ya fara kullewa. Jesse ya ɗago kai ya tambaye ni. Sakinatu, na ce lafiya. Sai ya juya ya ci gaba, yana gabana da kamar taku biyu.

Daga nan iska ta ƙi shiga sam. Na laluba ƙuguna babu roba. Masu kwalekwale duk suna can gefen hagu tare da fararen huluna, inda aka ce su tsaya. Ban juya rigingine ba, ban ɗaga hannu ba, duk abin da aka koya mini babu wanda ya zo. Na cafko hannun Jesse ta baya daidai ya miƙa shi, na ja da duk ƙarfina, na hau bayansa na danna shi ƙasa. Na ji lokacin da kafaɗar ta goce. Ya sha ruwa sosai. Da hannu ɗayan da ya rage ya riƙe haɓata sama har jirgin ceto ya iso.

Mutane suna ta ce mini wanda ya firgita a ruwa ba ya sanin abin da yake yi. Na bar su a haka. Ke zan gaya wa: ina sane. Na san Jesse ne a ƙarƙashina, na ji yana neman tasowa, ban sake shi ba. Iska kawai nake so.

An mayar da kafaɗar, sun riƙe shi don su lura da ƙirjinsa. Na tsaya a baranda har la'asar, na kasa shiga.

Kada ki kira yau. Gobe zan kira da kaina.

Mijinyawa


Al Gharrafa, Doha
Laraba, 23 ga Nuwamba, 2022

Zuwa ga Sakinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Hajiya da yara. Na gode da saƙonninki na kullum, ko waɗanda kika yi mini faɗa a ciki. Ina cin abinci, ki daina tambayar maƙwabcina.

Jesse zai yi mako shida hannu a rataye, bayan haka sai gashin kafaɗa da motsa jiki. An cire sunansa daga aikin filin wasa, an sa wani. Kevin ya ce kada in sake shiga teku sai mun zauna, kuma bai faɗa da fushi ba. Ni ko kusa da kwamin wanka ban sake bi ba.

Kin ce ba saƙon waya ake aika wa mutum a irin wannan ba, ƙafa ake takawa. Jiya na taka. Ban lura da ranar da na zaɓa ba sai da na shiga motar haya na ji rediyo: Saudiyya da Ajantina, a filin Lusail, wasansa na farko ke nan da yana cikin aikin. Matarsa Angelina ta buɗe mini ƙofa, ta gaishe ni da ladabi, ta kawo shayi, ta shige ciki ba ta ƙara fitowa ba. Jesse yana zaune gaban talabijin da 'yar singileti, ya rage ƙarar talabijin ɗin da na shigo.

Na faɗa masa komai. Tun Maris, da robar da nake rungumewa, da gilashin ƙarya, da farar hular. Har abin da na gaya miki na cewa ina sane, na faɗa. Sannan ya ce a asibiti bai taɓa yarda da bakin mutanenmu ba, in majinyaci ya ce da sauƙi, shi na'urar da ke yatsa yake dubawa, ni ma haka ya yi mini kwana goma sha tara. Ya ce a teku babu na'ura, kuma a zatonsa na tashi daga majinyaci na zama aboki, shi ya sa ya ɗauki maganata.

Ana haka Saudiyya ta ci ta biyu, unguwar ta ɗauka da ihu da hon ɗin motoci, mu biyu muna zaune kamar masu zaman makoki. Kyamara ta nuna gefen fili, ga ma'aikatan lafiya a tsaye da rigunansu. Ya kalla, ya kau da kai.

Na roƙe shi gafara. Ya ce ba komai. Na tambaye shi kafaɗar, ya ce da sauƙi. Da zan tafi ya rako ni har bakin lif, ya ce in gaishe ki da yara, ya ce sai mun haɗu. A bakin lif ɗin na sake tambayarsa, don Allah ya gaya mini tsakani da Allah. Ya yi murmushi ya ce da sauƙi, Injiniya, ba komai.

Sakinatu, na dube shi iya dubawa, fuska da ido da yadda ya tsaya. Ban san ko kafaɗar na hana shi barci ba. Ban san ko ya yafe mini ba, ko kuwa ya rufe ƙofa ne a hankali yadda mutumin kirki ke yi. Mutumin da ya riƙe haɓata da hannu ɗaya yana tsaye a gabana, kuma ba ni da wata hanyar tambayarsa sai wadda na san amsarta tun kafin ya buɗe baki. Gobe zan koma, in sha Allahu, da jibi. Na san abin da zai ce.

Ki yi mana addu'a mu biyu, shi kafin ni.

Naki har kullum,
Mijinyawa