Fenti a Hancin Tanki

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan sai godiya. Gwaggo tana nan, bakinta ya fi ƙafafunta ƙarfi kamar kullum. Kawu ya daina jin sallama, amma bai daina jin ƙarar buɗe kwano ba. Ni kuwa ina nan yadda kika bar ni, tabarau a hanci, littafi a cinya, sai dai kwanan nan karatun ba ya shiga.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna. Da na kira ki a waya na ce Auta ya ɗan ƙone a wurin aiki. Wannan "ɗan" nawa ne, ba na likita ba. Da na ji muryarki sai harshena ya yi nauyi, shi ya sa na koma ga takarda, tunda ita ba ta rawar murya.

Kin san aikinsa a ma'ajiyar man fetur: hawa kan manyan tankuna ya zura ma'auni ya ga inda mai ya kai. Abin da ba ki sani ba, ni ma sai yanzu na karanto shi bayan ya daina amfani, shi ne tanki yana numfashi kamar mutum. A samansa akwai bututu da ma'aikatan ke kira hanci. In ana zuba mai, ko rana ta yi zafi, tururi ta nan yake fita. A cikin hancin akwai wata rariya ta ƙarfe mai ƙananan ramuka, tana barin tururi ya wuce amma ba ta barin harshen wuta ya bi ya shiga. Gefe kuma akwai wani babban murfi da ba a ɗaure shi, nauyinsa kawai ke riƙe shi. In numfashi ya fi ƙarfin hanci, sai ya ɗaga da kansa kamar murfin tukunya in ta tafasa. Iyakar hikimar ke nan, kuma ba ta neman komai a wurin ɗan Adam sai ya ƙyale ta.

To, ba a ƙyale ta ba. Aka ce manyan kamfani za su zo ziyara. Kin san mu da baƙi: ɗakin da ba a share ba tun bara, ranar sai an wanke har silin. Manaja ya sa aka ɗauko masu fenti, ya ce yana son komai ya yi fari fat, kada idon baƙo ya sauka a kan tsatsa ko ɗaya. Masu fenti mutanen kirki ne, ba su ha'inci kowa ba. Suka shafe tanki, suka shafe matakala, suka ga rariyar nan ta yi baƙi ta ɓata musu aiki, suka ɗura mata fenti har sau biyu. Murfin kuwa, da yake yakan yi ƙara in iska ta taso, wari kuma ya fito, wani mai son a yaba masa ya ɗaure shi da waya tamau, aka bi da fenti a kai. Auta ya dawo gida yana ta yabo, wai in na ga wurin sai in rantse asibitin masu kuɗi ne. Har ragowar fentin suka ba shi, ya zo ya shafe mana ƙofar gida. Na ce masa ashe dai hannunsa ya iya wani abu ban da cin abinci, ya ce ai ya fi nawa da bai iya komai ba sai juya shafi.

Ranar da abin ya faru, da tsakar rana ne, ana tura mai cikin tankin, Auta kuma yana kan matakala zai hau. Hanci a toshe, murfi a ɗaure. Direban da ke jiran lodi ya ce mini ya ji tankin yana wani irin nishi, sannan rufin ya yage ta gefe kamar an farke buhu. A ƙasa kuwa mai walda yana gyaran ƙarfen shinge, shi ma don baƙi. Tururi ya sauko ya tarar da tartsatsi, wuta ta tashi. Mai waldan an yi jana'izarsa a ranar, Allah Ya jiƙansa. Garin neman gira aka rasa ido.

Manaja ya zo asibiti da katan ɗin lemo, ya ce mu yi haƙuri, ƙaddara ce. Na ce haka ne, ƙaddara gaskiya ce, sai dai wannan karon da burushi ta zo. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Na ji yanzu ana can ana kankare sauran tankunan da wuƙa. Baƙin kuwa sun ɗaga ziyarar.

Auta yana wani ɗaki na ƙarshen baranda. Sun kifa masa wani keji na ƙarfe don kada mayafi ya taɓa jikinsa, an naɗe shi da bandeji daga wuya har cinya. Matarsa Amarya tana zaune a bakin ƙofa da tasbaha, ta daina kuka, abin da ya fi kukan ba ni tsoro. Bakinsa dai bai mutu ba. Ya ce in gaya miki kada ki zo ki ce ya yi baƙi, dama can ba fari kika goya ba. Amma in zazzaɓi ya hau, ba ni yake kira ba, ba Amarya ba. Ke yake kira, da sunan nan da yake kiranki lokacin da Inna ta rasu kika ɗaure shi a bayanki kina tafiya makaranta.

Likita ya ja ni gefe ya ce ƙunar fata ba ita ce ta fi damunsa ba, zafin da ya shaƙa ne ya ci huhu. Na tambaye shi ko in ce ki jira hutun yara. Ya cire tabaraunsa ya goge, ya ce duk wanda yake son ganinsa kada ya jira komai. Na san hanya da nisa, na san gwiwa, na san maigida ba ya son ki yi tafiya ke kaɗai. Ki karanta masa wannan sakin layi, shi ma ɗa ne a wurin wata.

Ki gaishe mini da Baban Yara, da Dogo, da Sarkin Barci, da 'yar takwarar Inna. Gwaggo da Kawu suna gaisuwa. Su har yanzu "ɗan" ɗin nan suka sani, na bar sauran sai kin iso mu faɗa musu tare.

In kin shigo layinmu kada ki wuce gidan kina neman tsohuwar ƙofa mai tsatsa. Fara ce yanzu, fat. Aikin hannunsa ne, kuma wallahi ya yi kyau.

Ƙaninki mai jiran sallamarki,
Na-Tabarau