Ta Yi Fure, Yaya!

Yaya,

Ta yi fure! Ki yi haƙuri da rubutun, sauri nake. 'Yar shukar nan tawa da ke maƙale tsakanin baƙin dutse da farin, wadda kika ce in haƙura in yi mata jana'iza, yau da safe na tarar ta buɗe, ja wur. Na durƙusa kan tsakuwa ina kuka kamar an yi mini albishir da haihuwa. Ashe tausayin Umma ne ke kashe ta, kullum sai ta juye mata ruwan wanke-wanke.

Dutsen da kike tokare ƙofar kicin ni na ɗauka, ki yafe mini, ya zauna daram a ɗan lambun nawa na bayan ɗaki.

Na makara, na tafi jarabawa. Don girman Allah, da Baba ya shigo ki ja shi bayan ɗaki ya gani da idonsa kafin azahar, domin bayan nan rufewa take yi. Da bakinsa ya ce in ko fure ɗaya ya fito, magini ba zai zuba siminti a lambuna gobe ba.

Ki ƙirga masa a hankali. Uku ne.

Autarku