Na ba shi mota, ya ba ni ƙwarangwal ɗin moto

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, admin don girman Allah ɓoye sunana, don 'yan garinmu sun cika gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, zuciyata na tafasa kuma na san in na bi ta ba za a kwashe lafiya ba.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, gidana na Tasawa, bana anka yi mani canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye can bayan Attantane. Ina da wata 'yar tsohuwar mota da na daɗe ina lallaɓawa, bisa kwalta lafiya lau take, amma duk wanda ya san hanyar can ya san yashi ne tsagwaronshi. Kusan kullum sai ta kafe, sai na roƙi masu amalanke su tura ni, ga isansi, wato man fetur, tana sha ba tausayi. Da na gaji sai na ce gara in rabu da ita in koma moto, wato babur.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana, bari in kira shi Sanusi ko da yake ba sunanshi ba ne. Tare munka tashi, uwarshi Gwaggo ita ta goya ni lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya. Shina da moto mai kyau wadda bai daɗe da saye ba, kuma ya jima shina kwaɗayin a gan shi cikin mota. Da ya ji zance sai ya ce mu yi musaya kawai, kowa ya huta. Na hau moton na gwada ta har Kona na dawo, wallahi kamar ta tashi sama, tayoyi sababbi, batiri na tashi bugu ɗaya. Munka shirya gaban babana da kawunmu, anka yi addu'a, anka ce washegari kowa ya kai ma ɗan'uwanshi. Da safe sai ga shi ya turo moton ƙofar gida wai isansi ya ƙare, ya fizge makullin mota daga hannuna shina tsokanata da bawanshi kamar yadda munka saba, ya tayar ya yi gaba, ko bari in yi mashi bayanin motar bai yi ba.

Tun ranar na lura tayoyin kamar ba su ba ne, amma na ce ko idona ne, wa zai zargi ɗan'uwanshi. Batiri ya fara gardama na riƙa bugawa da ƙafa. Cikin haka anka aiko mahaifin matata ba lafiya a ƙauyensu gefen Kona. Matata na da ciki, ya fito sosai, cikinmu na fari bayan mun daɗe muna jira. Na ɗauko ta muna tafiya sannu sannu, muna tsakiyar daji rana ta take sai moto ta yi tari ta mutu, ina cikin bugawa kuma tayar baya ta sace. Ba inuwa ba gida kusa, waya ba rezo balle in kira wani. Haka na riƙa tura moto cikin yashi ita tana bina a ƙasa, takalminta ya tsinke, ta riƙa zama tana tashi. Lokacin da munka isa ƙafafunta sun kumbura, mararta na ciwo, sai da anka kai ta likita da amalanke anka yi mata ƙarin ruwa. Alhamdu lillahi cikin bai taɓu ba, amma an ce ta kwanta ta huta, har yau ba ta koma daidai ba.

Da na kai moton gareji, mai gyara na ɗaga murfi ya fara dariya. Ya ce ai shi ya san moton nan, kuma wagga karbirata ba tata ba ce, batirin tsoho ne, tayoyin ma wasu suɗaɗɗu anka maƙala mata, har amortisa mai tare girgiza an sauya. Ashe bayan mun tashi daga gaban manya Sanusi ya kai ta wani gareji anka kwance duk abin kirki, ya saida ma wani ɗan kabu-kabu. Jama'a, ni na ba shi motata har da safayar taya da jak da tabarmar da nike shimfiɗawa ciki, shi ya ba ni ƙwarangwal.

Na kai ƙara wurin babana, anka kira shi gaban dangi ranar Juma'a bayan masallaci. Ko musu bai yi ba. Cewa ya yi wasan taubasai ne, ubangida ya ɗebi kayan bawanshi, ina laifi. Sai wuri ya ɗauki dariya, har da kawun namu. Na ce matata fa ta kusa ɓari, ya ce ai likitoci ma cewa suke mai ciki ta riƙa motsa jiki, shi taimakona ya yi. Wallahi da ba a riƙe ni ba da na fasa mashi baki. Babana ya daka mani tsawa, ya ce ba a fushi da taubashi, duk wanda ya kai wasan taubashi gaban shari'a shi ya zubar da zumunci, in tashi in ba mutane wuri. Ni anka cuta kuma ni anka kora kamar wani yaro. Tun daga nan in ya gan ni bakin kasuwa sai ya rage gudu, ya danna oda, ya leƙo ya ce bawa ina zuwa, a rage maka hanya? Mutane na dariya ni ina haɗiye wuta.

Sannu a hankali nike tada moton. Na fara da karbirata da batiri don dole, na sa taya mai manyan ƙayoyi a baya saboda yashi. Saura ta gaba, da kaski, wato hular kwano, guda biyu nawa da na madam, da ƙarfen kare ƙafa, da famfo da kayan faci don kada a sake yi mani ta rannan. Ba zan iya sayen su lokaci guda ba, masu moto na cikin gurup ku gaya mani wanne ya kamata in fara da shi, don wasu na cewa kaski wasu na cewa taya. Amma duk abin da na saya sai in tuna akwai irinshi a jikinta anka cire, sai raina ya ƙara ɓaci.

To ga inda shawarar take. Motar nan tana da wani hali da ni kaɗai na sani, sai mai gyaran da ya yi aikin kuma ya bar garin. Abin da ke tada fankar sanyaya inji da kanta ya lalace tun tuni, sai anka ja waya anka sa wani ɗan maɓalli ƙarƙashin sitiyari, can ciki inda ido ba ya gani. Allurar da ke nuna zafi ita ma ta mutu. Bisa kwalta ko yawon cikin gari iska na isar ta, shi ya sa har yanzu bai ga komi ba. Amma in ta shiga yashi tana nishi da ƙaramar giya cikin wanga zafi na bazara ba a kunna fankar ba, ba ta gargaɗi, sai dai a ga hayaƙi, inji ya ƙone ƙurmus. Ranar musaya na yi niyyar nuna mashi, shi ya fizge makulli ya gudu.

Ranar Asabar akwai bikin suna na dangi a wani ƙauye gaba da inda nike koyarwa, kuma Sanusi ya sha alwashin shi zai kai matan dangi da motarshi, ya gama shelanta ma duniya. Jiya Gwaggo da kanta ta kira ni, ta ce ɗana tunda kai ka san hanyar ka shiga gaba da moto ka nuna masu, kada su ɓace. Na ce to Gwaggo. Ke nan ni zan ja su har cikin yashin da na fi kowa sanin inda ya fi zurfi. Ba abin da zan taɓa, ba ƙaryar da zan yi, shiru kawai zan yi. Ba zan ɓoye maku ba, ina son in ga fuskarshi in hayaƙi ya turnuƙe, in juyo da moto in tsaya gefenshi in tambaye shi ko a rage mashi hanya. In ya kai ƙara in ce wasan taubasai ne, in ga wanda zai buɗe baki.

Na faɗa ma matata, na zaci za ta ji daɗi. Sai ta ce ita ta san zafin yashin nan a tafin ƙafa, kuma Gwaggo na da hawan jini, gaban mota za a sa ta, in motar ta mutu moto mutum ɗaya take ɗauka, sauran tsofaffin fa. Na ce zan ɗauki Gwaggo in kai ta, ta ce to uwar wa za ka bari a rana. Amma duk da haka zuciyata ba ta sauka ba ko kaɗan.

In na nuna mashi maɓallin ya ci bulus ke nan, zai isa biki shina taƙama, gobe ya danna mani oda a kasuwa, manya sun riga sun rufe mani baki ba inda zan kai kuka. In na yi shiru na rama, amma tsofaffin mata da ba su ci mani komi ba su za su sha ranar. Na yi tunanin in ce sai ya maido mani kayana gaban babana sannan in faɗa mashi, sai dai na san halinshi, dariya zai yi ya ce tsoratarwa ce ya kama hanya, kuma daga nan kowa ya san na sani.

Don Allah kada wanda ya ce mani in yi haƙuri kawai, haƙurin shi anka ɗora mani tun ranar Juma'ar nan kuma ya ishe ni. Ku gaya mani yadda zan yi Sanusi ya ɗanɗana abin da matata ta ɗanɗana ba tare da Gwaggo ta taka yashin nan da ƙafarta ba. In kuma babu wannan hanyar, ku faɗa mani gaskiya, in da matar ɗayanku ce ta zauna tsakiyar daji riƙe da ciki tana kuka, zai miƙa hannu ƙarƙashin sitiyarin nan?