Kukan da Ya Buɗe Ƙofar Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Baban yara yana nan yana fama da shagon ɗinkinsa, 'yan makaranta kuma sai ci da ɓarna.

Na san an tsegunta maka ciwon Autana, gara ka ji daga bakina. Da tari ya fara, sai zazzaɓi, sai numfashi sama-sama. Da likita ya ambaci korona, ba yaron kaɗai na ji wa tsoro ba, ka san Innarmu da ciwon suga. Aka ce a raba su har a gano ciwon. Ta koma ɗakinta, abinci sai dai a ajiye mata a bakin ƙofa. Ita kuwa ta ƙi ci, wai tunda an hana ta jikanta a bar ta da yunwarta. Wallahi Yaya, ta fi yaron tayar mini da hankali.

Bayan gwajin hanci aka tura mu hoton ƙirji. Ɗaki sanyi ƙalau, aka rataya mini wata riga mai nauyi ta kariya daga hasken na'ura, aka ce in ɗaga hannuwansa sama. Yaro ya ɓare baki. Kunya ta kama ni, na yi ta lallashi da alkawarin alewa har ya yi shiru, hoto kuwa ya fito dishi-dishi. Mai ɗaukar hoton, wata dattijuwa, ta yi dariya ta ce ai ni na ɓata mata aiki. Ɗan shekara biyu ba ya gane a ce ya ja numfashi ya riƙe, don haka kukan take jira. Da zarar ya zuƙi iska zai sake tsala ihu, huhu ya cika, sai ta danna. Aka sake tsayar da shi. Ban taɓa addu'ar ɗana ya yi kuka ba sai ranar, kuma bai ba ni kunya ba.

Gani ya kori ji. Likita ya nuna mini wani fari-fari da ya dunƙule wuri guda a ƙasan huhun dama. Ya ce hakan ya fi kama da nimoniya, wato ciwon sanyin huhu, ko da yake hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Gwajin hanci ma ya dawo babu korona. Aka ɗora shi a kan magani, zazzaɓi ya sauka, likita ya ce a buɗe ƙofar Inna. Alhamdulillahi. Ina ta shirin shan faɗa, amma Inna jikanta kawai ta nufa. Ta janyo shi ta ɗora a cinya, ta daɗe tana shafa bayansa, sannan ta tambaya ko da saura a tukunya.

Ka gaishe mini da Anti, da Babban Yaya, da 'yan biyunka masu ƙiriniya. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Maman Auta