Barazana ko Ƙalubale

Litinin, 3 ga Maris
Brussels da ruwanta. Mun koma zama kan daftarin manufar Ƙawancen tsaro na ƙasashenmu. Umarnin da Riga, babban birninmu, ta ba ni bai canza ba: a kira maƙwabcinmu na gabas "barazana". Ettore, wakilin Italiya, ya ce "ƙalubale" ta wadatar. Ƙalubale. Sai ka ce jarrabawar makaranta.

Laraba, 5 ga Maris
Wuni guda a kan waƙafi.

Juma'a, 7 ga Maris
Mama ta kira daga ƙauye. Jirage marasa matuƙi sun sake bi ta kan gona. Tana so ta san ko ta shuka dankali bana, ko ta tattara ta koma wurin Yaya Modris a birni. "Ke da ke zama da manya, me suka ce?" Na ce suna tattaunawa. Ta ce to, Allah ya ba su lafiya.

Talata, 11 ga Maris
Na ɗaga wa Ettore murya a gaban kowa. Na ce daɗin nesa da iyaka yake ji. Jakadanmu Valdis ya kira ni ofis: a gidan nan ƙasa ɗaya ta ƙi, takarda ta mutu. "Gundega, mai nema ba ya fushi." Na sani. Sanin ne ma ke cina.

Alhamis, 13 ga Maris
Ettore ya ajiye farantinsa a teburina ba sallama. Ƙanwarsa likita ce a jirgin ruwan soja. Tun da suka tsamo gawarwakin yara daga teku bara, ba ta cika magana ba. "Malama, ku jiran naku bala'in kuke, mu namu kullum yana tahowa a kwalekwale. Kin ma karanta sakin layinmu na kudu?" Na ce miyarsa za ta huce.

Asabar, 15 ga Maris
Na karanta. An yi masa aski, saura layi biyu.

Litinin, 17 ga Maris
Wakilin wata babbar ƙasa ya ce a cire sakin layin kudu don a taƙaita. Na nemi magana, na ce a bar shi. Riga ba ta ce in yi ba. Shi kuwa Ettore, ɗan taurin kan, har yanzu bai yarda da "barazana" ba. Goyon bayan da na ba shi dabara ce kawai, haka zan gaya wa Jakada gobe.

A bakin ƙofa na tambaye shi sunan ƙanwar tasa. Nives.